Jana'iza a Tanda

Tun da kogi ya tafi da Nasiba, Ajidan Alfari bai ƙara jin ɗanɗanon komai ba. Yakan je birgadin jandarma ta Gaya, ya sara, a sara masa, ya koma gida ya ci tuwo kamar mai tauna auduga. Matarsa ce. Ta je Malanbil sayen atamfa lokacin da gada ke rufe, kwale-kwalen da ta shigo ya kife a tsakiyar ruwa saboda lodi ya wuce kima. An tsamo wasu. Ita ko kallabinta ba a gani ba. Mai tuƙin, Halidu, ya yi iyo ya haye gaɓar Benin, bai sake waiwayowa ba.

Wata Laraba da hantsi labari ya zo cewa uwar Halidu ta rasu a Tanda, kuma an ga ɗan ya tsallako. Kumandan bai so tura Alfari ba, amma shi kaɗai ya san fuskar mutumin. Aka haɗa shi da Garba, wani tsohon jandarma mai surutu, suka hau moto cikin kayan gida.

"Shef," in ji Garba a hanya, "yau dai kada ka zama mutumin nan na Japon."

Alfari ya san wanda yake nufi. Wani wasa ne da Nasiba ke kallo a tele, an juya shi da Faransanci: shugaban masu kamun ɓarayi a Japon ta zamanin da, mai takobi da gashi ɗaure a ƙeya. Yakan bi ɓarawo har ya kama, sannan ya zauna ya tambaye shi wa zai ci da ƴaƴansa. Wani ya miƙa shi ga alƙali, wani ya kau da kai ya bar shi ya wuce. Nasiba takan share hawaye da bakin zane ta ce, "Da kana da rabin zuciyarsa, da na ƙara maka nama a miya." Shi kuwa ya ce wancan ba shi da kumandan.

"Ni takobin kawai nake so," in ji Garba. "Tausayin su riƙe abinsu."

Alfari ya nemi fushi a ƙirjinsa, kamar mai laluben ashana a aljihu, bai samu ba.

Sun tarar an idar da salla, an kai gawa maƙabarta. Halidu na cikin ramin, shi da wani dattijo, domin mace ba kowa ke saukar da ita ba sai nata. Ya rame. Ya kwantar da uwarsa a gefen dama, ya jera itace a kan ƙaramin ramin, ya miƙa hannu sama yana jiran kwaɓi.

"Yanzu ne," Garba ya raɗa. "Yana rami, ba inda za shi. In ya fito, kogi ga shi nan."

Gaskiya ya faɗa. Daga nan ana hango ruwa yana ƙyalli bayan gonakin shinkafa.

Amma a bakin kabari ba a tsayuwa hannu sake. Wani tsoho ya dangwara wa Alfari curin laka a tafi, ya ce, "Miƙa, ɗana." Ya miƙa. Halidu ya karɓa bai ɗago ba, ya liƙe tsakanin itace, ya sake miƙo hannu. Alfari ya sake ba shi. Lakar na da sanyi, tana warin kogi. Bai taɓa yi wa Nasiba wannan ba. Ba a samu abin da za a rufe ba.

Da aka gama liƙi, dattijon ya fita. Halidu ya ɗaga hannu a jawo shi, sai a lokacin ya ga fuskar da ke kansa. Hannun ya tsaya a sama. Alfari ya kama shi, ya jawo, bai saki ba.

"Ajidan," in ji Halidu a hankali. "Bari in ga an tura ƙasa tukuna, don Allah."

"Kana da ƴan'uwa maza?"

"Ni kaɗai ne."

"To wa zai karɓi gaisuwa?"

Halidu ya sunkuyar da kai.

Ankwa na aljihun Alfari, yana jin nauyinta a cinya. Ya ce, "Bayan sadakar uku za mu tafi Gaya."

Garba ya ja shi gefe. "Shef, in ya tsere, galonka na ajidan ne zai tafi. Wa zai tsare shi?"

"Ni. Koma ka gaya wa kumandan."

Haka Alfari ya zauna a tabarmar makoki ƙarƙashin dogon yaro, kafaɗarsa na gogar ta Halidu, lakar ta bushe a hannuwansu duka biyu. Mutanen Tanda ba su san shi ba. Ganin inda yake zaune, suka ɗauka ɗan gida ne daga nesa. Wani masunci ya durƙusa gabansa, ya riƙe masa hannu, ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta."

Alfari ya daɗe yana kallonsa.

"Amin," ya ce. Na bayan masuncin ya matso.