Ɗigon Jan Farce

Zargi mugun ciwo ne, mai shi ko likita ya gani sai ya ce cutarsa ya zo yi. Shi ya kayar da Cleophus Rucker, makaɗin gita na cocinmu a nan Memphis.

Ranar Juma'a da hantsi ya dire amfilifayarsa, akwatin da ke ƙara wa gitarsa sauti, a kan teburin Verna Tull mai gyaran kayan kiɗa, bai ɗauke hannu daga kanta ba. Tsohuwar na'ura ce, irin mai ƙwayayen gilashi a ciki, gadon kawunsa Hollis, wanda ya warware transfomarta ya sake naɗawa da hannunsa. Daga nan muryar nan mai kaushi take fitowa, wadda ke sa tsofaffin coci hawaye. Yanzu lasifikar ta yage, ga bikin coci jibi.

"Lasifika kawai za ki ba ni. Mai awon om takwas, ga shi a rubuce a bayan amfilifayar."

"Wannan rubutun kamfani ne, Mista Rucker. Kawunka ya taɓa cikinta, sai na auna."

Ta ajiye masa guda biyu. "Wannan takardarta sirara ce, kana matsa mata za ta yi kukan nan naka. Waccan mai babban maganaɗisu ba ta kuka, ko ka ƙure ta."

"Wacce ce ta yi miki kwantai?"

Verna ta kwance bayan amfilifayar, ta zare wayar da ke jikin yagaggiyar lasifika, sannan ta tsaya tana kallon ƙwayayen. Kowanne da ɗigon ja a gindinsa.

"Iye! Su ma kwalliyar biki suka yi? Ko jan farcen Misis Rucker ne?"

"Shaida ce na sa. Na san halinku, ku cire na da, ku cusa na yanzu."

"Allah ya ba ka lafiya, dattijo."

Ta zaro ƙwai ɗaya ta ɗaga shi wajen haske. Zuciyarsa ta ce masa an fara.

"Mayar!"

"Dubawa nake yi."

"Na ce ki mayar!"

Tana mayarwa ya sungumi kayarsa sai mota. Ta biyo shi har bakin ƙofa. "Wayar lasifika a cire take! Kada ka kunna ta haka!"

Ya yi tsaki. Dabara ce, don ya koma.

A gida ya bi ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya, duk ɗigon na nan. Hankalinsa bai kwanta ba. Ita ma ai mace ce, ba ta rasa jan farce a aljihun tebur. Kunnensa ne kaɗai ba za a yi wa wayo ba. Ya jona gita, ya kunna, ƙwayaye suka yi ja. Ya kaɗa. Shiru.

"Na faɗa! Ta kashe min ita!"

Ya murɗa ƙara har ƙarshe, ya dinga dukan tsirkiya da fushi. Tun yana saurayi Hollis ya ja masa kunne cewa irin wannan amfilifaya, in babu lasifika, ƙarfin ba ya samun mafita, komawa yake ya ci transfoma. Ya san da haka sarai, amma a lokacin Verna kawai yake gani. Sai da ƙauri ya cika ɗakin ya leƙa baya, ya ga waya tana reto, hayaƙi na tashi a samanta.

Da la'asar ya koma. Verna ta sunsuna sau ɗaya.

"Mai om huɗu take so, ba takwas ba, da ka bari na gama da ka ji. Lasifika ga ta nan. Transfoma ma zan samo maka ta kamfani. Amma yadda Hollis ya naɗa wannan, shi kaɗai ya sani, kuma ka san inda yake kwance."

Ranar Lahadi da amfilifayar aro ya yi kiɗa. Wata tsohuwa ta tare shi a ƙofa tana tambaya ko gitar ce ba ta jin daɗi.

Ya rasa transfomar kawunsa, ya rasa muryar da aka san shi da ita, ya rasa idon kallon Verna Tull. Ƙwayayen gilashi kuwa suna nan cif, ko ɗaya ba a canza ba, kowanne da ɗigonsa na jan farce.