Muryar da Ta Dawo Daga Faransa

Muryar da ta fito daga wayar baƙuwar ta mahaifina ce, ko a tsakiyar kasuwar kifi na ji ta zan gane. Ƙuruciya kawai ta raba ta da wadda na sani. Gurmi na tafiya a ƙarƙashinta, ana jin filafili na saran ruwa, can nesa kuma tsuntsaye sun cika wurin da hayaniya. Na tsaya a ƙofar zaure da kwanon ruwan da na kawo, na kasa ajiye shi.

"Hajiya, don Allah kashe abin nan," in ji yayana Usman. "Nan gidan mutunci ne."

Ta kashe. Sunanta Dakta Fanna, malamar jami'a ce, kwana uku ta yi tana tambaya daga Baturiya zuwa Haɗeja kafin a nuno mata gidanmu. A gefen Usman surukinsa ne zaune, Alhaji Mustapha, yana jan carbi yana kallon rufin zaure.

Dakta ta yi bayani a natse. Wani Bafaranshe ne, Gaston Meribal, mai tsara kiɗa, wanda kuma ya shekara arba'in yana rubuta sharhin kiɗa a jaridar ƙasarsu. Alƙalaminsa ba ya raga wa kowa, makaɗa da yawa sun daina gaisawa da shi. Yana saurayi ya biyo tsuntsayen da ke gudo wa sanyin ƙasarsu har Baturiya don ya naɗi kukansu. A nan ya ji wani matashi a kwalekwale yana kaɗa wa masunta gurmi, sai ya manta da tsuntsaye ya bi shi mako uku. Da ya koma gida ya gina wani babban kiɗa a kan wannan waƙa, mutum sittin ke kaɗa shi, shi ne ma ya ɗaga sunansa. Amma a takarda sai aka rubuta: waƙar masunta, ba a san mai ita ba.

"Bara ya rasu," in ji Dakta. "A wasiyyarsa ya ce ya ƙare rayuwarsa yana kama ɓarayin kiɗa, alhali shi ne babbansu. Ya ce a nemo Auta, haka masuntan ke kiran matashin, a sa sunansa a saman nasa. Abu ɗaya ake so, Baba ya saurara, ya ce shi ne."

"Auta ai sun fi ɗari a ƙasar nan," in ji Usman. "Mahaifinmu masunci ne."

* * *

Usman ya tashi, na bi shi tsakar gida, raina yana tafasa.

"Yaya, ka ji tsoron Allah! Muryar Baba ce, kai ma ka sani."

"Rage murya, Jannatu. Saura mako biyu zaɓen ƙungiyar dillalan shinkafa. So kike a manna hotona a kasuwa a rubuta ɗan maroƙi?"

Kalmar ke nan da ta cinye gidanmu. Shekara takwas da suka wuce, da Usman ya nemi 'yar Alhaji Mustapha, sharaɗi ɗaya aka kafa masa. Ranar wata Juma'a aka tsayar da Baba a ƙofar masallacin unguwa, tsoho mai furfura, ya ce ya tuba da kiɗa, kamar wanda aka kama da akuyar wani. Aka yi ta kabbara. Da yamma Usman ya ɗauki gurmin ya jefa a kogi daga kan gada.

Abin da ke ƙona mini rai, babu gidan da ke layinmu wanda Baba bai yi wa kiɗan suna ko na biki ba. Sun yi rawa har ɗankwali ya faɗi, in an gama su zuba masa tuwo a kwano daban, a bakin ƙofa. Shi kansa Alhajin, a bikin 'yar tasa, sai da ya ɗauko masu manyan sifiku daga Kano, aka hana unguwa jin kiran sallar la'asar. Shagon Usman kuwa daga safe zuwa yamma waƙar 'yan siyasa ce ke tashi. Kiɗa suna so, mai kiɗan ne ba sa son ya zama nasu.

"Da kuɗin gurmin nan aka sa ka makaranta," na ce.

"To ai na biya shi, na cire shi daga ƙasƙanci."

Na wuce ɗakin Baba, na kamo hannunsa. In ya so kowa ya mutu, sai ya ji muryarsa.

* * *

Baba ya zauna a bakin tabarma, ya gaida Alhaji Mustapha tukuna, kansa a ƙasa, duk da ya girme shi da shekara goma. Dakta ta durƙusa ta gaishe shi, ta maimaita labarin, sannan ta kunna.

Waƙar ta cika zauren. Saurayin da ke cikinta yana kiran sunayen masunta ɗaya bayan ɗaya, yana zuga su su ja koma, su kuma suna amsawa da dariya. Duk sun mutu, na san kaburburan wasunsu. Baba bai motsa ba. Idanunsa ne kawai suka kaɗa.

"Baba," in ji Dakta a hankali, "kai ne?"

Na zuba masa ido, a raina ina roƙonsa. Ya dubi Usman. Ya dubi Alhaji, wanda carbinsa ya tsaya cak. Sannan ya sake duban ɗansa, ya daɗe yana kallonsa, irin kallon da yake yi masa yana ƙarami in zazzaɓi ya kama shi.

"'Yar nan, ban san shi ba," in ji Baba. "Ni kifi na kama."

"Alhamdu lillahi," in ji Alhaji Mustapha, carbi ya ci gaba da tafiya.

Dakta ta tambaya sau biyu, amsar ba ta canja ba. Ta gane, na ga ta gane, amma takarda ba ta karɓar abin da ido ya gani. A gabana ta rubuta cewa ba a samu mai waƙar ba. Usman ya raka ta mota yana ta fara'a, har da ba ta ƙullin shinkafa tsaraba.

Na mai da Baba ɗakinsa. Na gyara masa matashi, na juya zan fita.

"Jannatu."

Na tsaya.

"A baiti na uku ya yi gaggawa," ya ce, fuskarsa na kallon bango. "Ba laifinsa ba ne. Ruwa ne ya ja kwalekwalen a daidai wurin."