Kwamfuta Mai Nauyi

Mai Walda bai taɓa sayen abu da ido ba, da hannu yake saye. In ya je sayen kwaɗon ƙofa, sai ya ɗora shi a tafin hannu ya jinjina. Haka rediyo, haka dutsen guga. Abin da ya danne masa hannu shi ne nagari, wanda bai danne ba kuwa jabu ne, ko wa ya ƙera shi. Shekara talatin yana haɗa ƙofofi da tagogi da ƙafafun tankin ruwa, kuma a harkar ƙarfe wannan awo bai taɓa ba shi kunya ba. Abin da ya cuce shi kawai, ya ɗauka duk duniya ƙarfe ce.

'Yarsa ta fari tana shekara ta uku a jami'a, tana karatun injiniya. Tun ranar da ta samu gurbi ya ajiye sunanta, sai dai Injiniya, har unguwa duka ta kama. Ita ce ta same shi a shagonsa wata rana da safe, ta miƙa masa takarda.

"Baba, daga sashenmu ne. Nan da mako shida za mu yi jarrabawar zane, kuma kowa a kan kwamfutarsa zai yi. Wanda ya faɗi sai ya maimaita shekara. Ga irin wadda suka ce a saya. Manhajar da muke zane da ita tana da cin ƙarfi, dole ram ɗin, wato ƙwaƙwalwar da kwamfuta take aiki da ita, ya kai giga sha shida, kuma sai da katin sarrafa hoto na daban. Ka bari in bi ka kasuwar."

"Ki bi ni?" Ya ɗage gilashin walda ya dube ta. "Ni da nake gane ƙarfe mai kyau a cikin duhu? Ke dai je ki makaranta. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Kafin azahar wani ya zo neman taga, Mai Walda ya laluba bai samu abin rubutu ba, sai ya zaro ta ya rubuta awon tagar a bayanta, ya soke ta a ƙusar bango tare da sauran takardun awo. Can ta kwana, can ta wuni.

Washegari ya ja abokinsa Kafinta suka nufi shagon kwamfutoci. Kafinta bai san komai a kan kwamfuta ba, amma ya iya gyaɗa kai, kuma abin da aka ɗauko shi yi ke nan.

Mai shagon ya tambaya wa za a saya wa. Da ya ji ɗalibar injiniya ce, sai ya ɗauko wata siririya ya buɗe, ya fara bayanin abin da ke cikinta. Mai Walda bai bari ya kai ƙarshe ba. Ya ɗaga ta da yatsa uku, ya ƙwanƙwasa bayanta, ya kara a kunne.

"Wannan ai murfin kwano ne," ya ce. "Iska mai ƙarfi ta taso sai a bi ta da gudu."

Kafinta ya gyaɗa kai.

Mai shagon ya sake gwada wata, aka jinjina aka ture. A ta uku ya gane irin baƙin da ya yi, ya kuma gane kakarsa ta yanke saƙa. Ya durƙusa ƙarƙashin kanta, ya jawo wata baƙa mai kaurin bulo, ya goge ta da hannun riga, ya dire ta a kan tebur har gilashin teburin ya amsa.

"Ranka ya daɗe, wannan ba kowa nake nuna wa ba. Ta taɓa faɗowa daga kan teburin nan. Ka ga tayil ɗin can da ya tsage? Aikinta ne."

Mai Walda ya dubi tayil ɗin, ya ɗaga kwamfutar da hannu biyu, jijiyar wuyansa ta miƙe. Daɗi ya kama shi har cikin ransa.

"Yauwa! Ga kaya. Da can ɓoye ta ka yi?"

Da ya kai ta gida, Injiniya ta buɗe, ta shiga wani wuri ta karanta wasu lambobi. Ta ɗago za ta yi magana, sai ta ga fuskar ubanta: yana tsaye hannu a ƙugu, yana murmushi kamar wanda ya gama ginin gida. Mahaifiyarta da ke bakin ƙofa ta yi mata wani kallo. Injiniya ta haɗiye maganar.

"Na gode, Baba. Allah ya ƙara buɗi."

Da ƙyar manhajar ta yarda ta shiga. Ana buɗe ta sai fankar cikin kwamfutar ta tashi da ruri, har labulen taga yana motsi. Mai Walda ya leƙo daga tsakar gida.

"Kin ji inji ko? Wancan murfin kwanon ai ko tari ba zai iya ba."

In ta ja layi ɗaya, sai ta je ta wanke kofi ta dawo kafin layin ya bayyana. Ya ce mata abu mai daraja ba ya gaggawa. Ya haɗa wa kwamfutar teburin ƙarfe na musamman. Da hannun jakar kwamfutar ya tsinke a mako na biyu, ya kai aka ɗinke shi da bel ɗin fata, yana ba masu ɗinkin labarin tayil. Kullum da safe Injiniya ta saɓa jakar ta fita, shi kuma ya bi ta da kallo yana jin kansa. Bai san cewa a makaranta ƙarƙashin benci take tura ta ba, ta jira ƙawarta ta gama, ta ari tata ta yi aiki.

Ranar jarrabawa ya dawo gida da hantsi ɗaukar awo da ya manta, sai ya ga kwamfutar zaune a kan teburinta.

"Yarinyar nan ta manta makaminta!"

"Baban Injiniya, ka bar ta," in ji matarsa da sauri. "Wataƙila ba mantawa ta yi ba."

Ina! Ya riga ya zura ta a jakar, ya ɗaure a bayan babur. Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar ɗakin jarrabawa. Ɗalibai suna zaune layi-layi, ba a kai ga farawa ba, ga Injiniya a layi na biyu da wata siririyar kwamfuta a gabanta. Ta aro ta ne daga wurin ƙawar tata da ta yi jarrabawa da rukunin safe.

"Malam, gafara dai," ya ce da muryar da ta saba da ƙarar injin yanka ƙarfe. "Ni ne uban waccan. Ta manta tata a gida, ga ta na kawo. Ba ma aron kayan mutane."

Malamin ya yi farin ciki ƙwarai, don akwai wani ɗalibi a baya da tasa ta ƙi tashi. Ya ɗauke ta aron ya kai masa, ya karɓi ta Mai Walda, ya ɗan yi tangaɗi, ya ajiye a gaban Injiniya.

Mai Walda ya koma waje ya tsaya a bakin taga don ya ga yadda 'yarsa za ta ba su kashi. Malamin ya rubuta tambaya a allo: a zana ƙafar tankin ruwa ta ƙarfe, a ɗora mata nauyi a cikin manhajar, a nuna inda za ta fara lanƙwasa. Mai Walda ya kusa yin dariya. Wannan ai ko cikin barci zai haɗa ta.

Aka fara. A fuskar kowace kwamfuta ƙafafun tanki suka riƙa tashi, yara suna juya su da yatsa, suna duba sama da ƙasa. Ta Injiniya kuwa ruri ta fara. Na kusa da ita suka waiwayo, wani ya riƙe takardarsa kada iska ta kwashe, wasu suka ƙunshe dariya. Ta ja ƙafa ɗaya, ta jira. Ta ja ta biyu, ta jira. Rabin lokaci ya wuce tana kan ta uku. Da ta samu ta haɗa huɗun ta danna a ɗora nauyi, sai wani ɗan zobe ya fito a tsakiyar fuskar yana juyawa. Ya yi ta juyawa har malamin ya ce saura minti goma. Daga nan fankar ta yi shiru, fuskar ta yi baƙi.

Injiniya ta sauke hannuwanta a kan cinya. Ba ta waiwayi taga ba, ko da yake ta san yana nan. Ya ga hawaye ya sauko mata, ta share da gefen mayafi. Kunya da baƙin ciki suka rufe shi lokaci ɗaya, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Da aka tashi malamin ya fito ya same shi.

"Baba, ba a kawo maka takardar da muka bayar ba? Wannan kwamfutar ko wasiƙa da ƙyar za ta rubuta. Yarinyar tana da ƙoƙari, shi ya sa zan sa ta cikin masu sakewa mako mai zuwa. In ta sake zuwa da wannan, shekarar ta tafi."

Babur ɗin ya ƙi tashi, don a garin sauri bai duba mai ba. Ya bar shi wurin mai gadi, ya saɓa jakar, shi da Injiniya suka taka zuwa bakin titi. Kafin su kai ƙofar makaranta bel ɗin ya fara cin kafaɗarsa. Ya sauya kafaɗa, ya sake sauyawa. Sai ya lura ita da ba ta ɗauke da komai, tafiya take a karkace, kafaɗar dama ta yi ƙasa.

"Kullum haka kike ɗaukar ta?"

"Kullum, Baba."

"To me ya hana ki faɗa min ba ta yi ba?"

"Na faɗa, Baba. Tun kafin ka saya. A rubuce na ba ka."

Suka sauka a ƙofar shagonsa. Ya nufi ƙusar bango, ya yi ta zare takardu har ya kai ga mai awon taga. Shi ne fa mutumin da ke korar duk wanda ya zo neman ƙofa ba awo, yana cewa ƙofar da ba ta shiga gurbinta ba, ko ta fi mota nauyi, tarkace ce. Ya juya takardar, ya karanta gabanta a karo na farko, yana bin layukan da yatsa.

Washegari suka koma shagon kwamfutoci, wannan karon ba Kafinta. Mai Walda ya dire baƙar a kan tebur, ya shimfiɗa takardar kusa da ita, ya dubi mai shagon ido cikin ido har sai da ya daina murmushi ya yarda a yi musaya. Injiniya ta riƙa karanto awo, mai shagon yana buɗe kwamfutoci tana dubawa. Wadda ta dace da takardar ita ce siririyar nan ta farko.

Mai shagon ya ɗauko ta ya miƙa wa Mai Walda, don ya san halinsa. Hannun Mai Walda ya taso da kansa, tafin a buɗe, a shirye ya jinjina. Ya dubi hannun, ya dubi kafaɗar 'yarsa, ya mayar da shi aljihu.

"Ba ta," ya ce. "Ita za ta ɗauka."