Gudu Ba Kora

Ba ta daɗe da fita takaba ba Karimatu ta fara raka matar wanta, Mariyatu, wajen suyar ƙosai. Wan nata Ladan ne ya je ya ɗauko ta daga ƙauyensu na gabashin Sakkwato, ita da 'yarta Aishatu Humaira, bayan 'yan bindiga sun shiga garin sun kashe mijinta da wasu maza a bakin gona. Ya ba ta ɗaki a gidansa na Mabera. Tana shiga ɗakin nan ta maƙale, ko ƙofar gida ba ta son leƙawa, sai da Mariyatu ta gaji ta ce mata zaman ɗaki ba ya dawo da wanda ya tafi, ta tashi ta riƙe mata ko bokitin koko ne.

A bakin ƙofar wata makarantar 'yan mata suke kafa kasko, da an sallame sallar asuba. Ranar farko Karimatu tana tsamo ƙosai ta ji ƙasa tana amsawa, dif-dif-dif, daga cikin makarantar. Matsamin ya suɓuce mata ya faɗa cikin mai. Ta leƙa ta ƙofa, sai ga mata garke guda sanye da hijabai, dogayen wanduna a ƙarƙashin riguna, ƙafafunsu da kambas, suna zagaye filin wasa a guje.

"Mi yak koro su?" ta tambaya.

Mariyatu ta yi dariya. "Ba abin da yak koro su sai tumbi da hawan jini. Motsa jiki suke yi kafin 'yan makaranta su taho."

Karimatu ta tsaya tana kallonsu. Ita dai a saninta mace ba ta gudu sai da dalili, kuma dalilin ba ya zama na alheri. Waɗannan kuwa suna gudu suna hira, wata ma har da ƙyalƙyala dariya.

In sun gama sukan fito su yi cincirindo a wajen kaskon. A nan ta san Malama Shamsiyya, siririyar mace mai koyar da wasanni a makarantar, wadda ita ta tara su kuma ita ke rataye da usur. A nan kuma ta san Hajiya Iyatu, matar wani babban mahauci, dattijuwa mai jiki da murya, wadda likita ya hana shan koko da suga. Kullum sai ta karɓi kofin wata ta shinshina, ta mayar, ta ce Allah ya isa tsakaninta da ciwon suga. Ita ba ta gudu. Tafiya take yi a can bayan kowa, tana haki tana yi wa na gaba tsiya.

Wata safiya Iyatu ta tsaya ta ƙare wa Karimatu kallo tun daga sama har ƙasa.

"Ɗiyata, ke ba ki magana ne?"

"Ina yi, Inna."

"To ni magana ce ta yi mini yawa, ba mai saurare. Yaran ga sun bar ni baya kamar tsohuwar akuya. Ki taho gobe ki raka ni, ko na samu wadda zan hwaɗa ma labari."

Karimatu ta dubi Mariyatu. Mariyatu ta ce ai ita da ma can ita kaɗai take suyarta.

Haka aka fara. Da silifas ɗinta take shiga, su bi gefen filin su biyu. Iyatu ba ta taɓa tambayarta abin da ya kawo ta birni ba. Labarin maigidanta Alhaji Jinaidu take ba ta, wanda ya shekara yana yi mata dariyar kambas, sai da ya ga ta daina kwanciya asibiti sannan ya fara tashinta da kansa. Ta ba ta labarin jikokinta, da na maƙwabciyarta da ta ce wai gudu ba na matan aure ba ne, yanzu ga ta can a sahun gaba. Karimatu takan ce "to," ko "ikon Allah." Da aka kwana biyu ta fara ƙara wata kalma a kai. Wata rana ma har ta yi dariya, ta yi sauri ta rufe baki da gefen hijabi kamar ta yi laifi.

Ana cikin haka gwiwa ta kama Iyatu. Ta zo filin duk da haka, amma ta zauna a gindin dogonyaro ta miƙe ƙafa. Malama Shamsiyya ta zo da wasu kambas a leda, ta ce na ƙanwarta ne, sun yi mata kaɗan.

"Ki gwada bin mu yau, Karimatu. A hankali za mu tahi. In kin gaji ki tsaya, ba wanda zai ce miki komai."

Karimatu ta sa takalman. Ta ji ƙafarta wani iri, kamar an naɗe ta da katifa. Aka busa usur, ta shiga cikinsu.

Jikin da ya saba da noma da ɗaukar ruwa daga fadama bai sha wuya ba. Ta ji iskar safiya tana shiga hijabinta, ƙirjinta ya buɗe. Ba ta san lokacin da ta wuce na tsakiya ba, ta wuce na gaba, har ta wuce Malama Shamsiyya. Wata ta yi mata kirari daga baya. A lokacin ne ta lura babu kowa a gabanta. Duk ƙafafun nan suna bayanta, suna tahowa, dif-dif-dif. Sai kuma wani ɗan kabu-kabu ya murɗa babur ɗinsa da ƙarfi a bayan katanga.

Filin ya ɓace mata. Karan gero ta gani yana dukan fuskarta, ta ji nauyin yarinya a bayanta. Ta saki hanya ta yanka a guje ta bayan azuzuwa, har sai da katanga ta tare ta. Ta durƙusa a lungun, ta rufe kai da hannuwa, tana kiran sunan Humaira.

Matan suka biyo ta a ruɗe, kuma ƙarar tahowarsu ta ƙara firgita ta. Muryar Iyatu ce ta tsayar da su.

"Ku tsaya nan! Kowa ta tsaya inda take!"

Ta taho tana ɗingishi, tana magana tun daga nesa. "Ni ce, ɗiyata. Iyatu ce. Ni ɗaya ce, kuma kin san ba ni iya kama ko kaza." Ta iso ta zube a ƙasa kusa da ita, ba ta taɓa ta ba. Ta dai ci gaba da cewa nan Mabera ne, makaranta ce, Humaira tana gida tana kwana, Mariyatu tana bakin ƙofa tana ƙona ƙosai kamar kullum.

An jima kafin Karimatu ta ɗago. Da ta ɗago, maganar da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ko wanta, ta zubo da kanta. Ta faɗi yadda suka ji babura da sassafe, yadda mijinta Illo ya ce ta ɗauki yarinya ta bi ta cikin gero shi zai je ya kira ƙanensa, yadda ta yi ta gudu tana jin sawu a bayanta ba ta san na 'yan gari ne ko na waɗancan ba. Har yau, in ji ta, ko a cikin gida aka taho ta bayanta sai gabanta ya faɗi.

Iyatu ta jawo kanta ta ɗora a kafaɗarta. Ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta bar ta ta yi kukanta, ita ma tana share nata da bakin hijabi.

Karimatu ba ta koma filin ba, ko wajen ƙosan ma ta daina zuwa. Kunya ce ta rufe ta. Gani take ta tozarta kanta a gaban matan birni, yanzu kowa zai riƙa nuna ta.

Ran Juma'a da la'asar aka yi sallama a gidan Ladan. Iyatu ce da Malama Shamsiyya, da ƙunshin balangu mai zafi a takarda. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Humaira ta zo ta gaishe su, Iyatu ta cika mata hannu da nama.

Shamsiyya ce ta fara magana, tana murza yatsunta. "Ni na matsa miki, ban san abin da ke akwai ba. Ki gahwarta mini."

"Malama, ba ki yi mini komai ba."

"Hajiya ba ta hwaɗa muna sirrinki ba. Ta dai ce ba ki son a biyo ki ta baya. To munka zauna munka yi shawara. Da farko cewa munka yi ki riƙa tahiya a ƙarshe, kowa na gabanki."

"Sai ni ce masu wannan ba ta yiwuwa," Iyatu ta karɓe. "Ta fi ku sauri duka. Ku ɗaure barewa bayan jakai?"

Mariyatu ta fashe da dariya daga bakin murhu.

"Shi ne munka ce," Shamsiyya ta ci gaba, "duk wadda ke bayanki ta riƙa hwaɗin sunanta, ki san ko wace ce. Usur kuma na aje shi gida. In kin ga za ki iya, muna nan. In ba ki iyawa, ki taho ki zauna gindin icce, mu dai mu gan ki."

Karimatu ta sunkuyar da kai. Su kuma ba su matsa mata ba. Suka ci naman tare, aka shiga hirar zafin bana da ɗauke wuta.

Sai da sati ya zagayo ta ɗaura kambas ɗin. Da ta shiga filin ba wadda ta zuba mata ido. Aka gaisa kamar jiya aka rabu. Shamsiyya ta tafa hannu, aka tashi, ita tana gefen Karimatu kafaɗa da kafaɗa.

Ba su yi nisa ba sawun ya fara taruwa a bayanta. Ta yi kamar za ta waiwaya. Sai ta ji murya: "Ni ce, Adawiyya!" Wata ta ce, "Halimatussa'adiyya ce, ga ni nan, numfashi na shirin ƙarewa!" Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa faɗa, wasu da haki, wasu da waƙa. Can daga ƙarshen fili wata murya ta keto duka: "Iyatu ce! Kada ki damu da ni, ba ni isko ki har tashin duniya!"

Karimatu ta ji dariya ta taso mata tare da hawaye. Ta yi zagaye ɗaya ta tsaya. Washegari ta ƙara kaɗan. Akwai ranakun da babur zai wuce ta daskare a tsakiyar fili, sai duk su rage gudu su tsaya tare da ita, wata ta gyara igiyar takalmi, wata ta sha ruwa, har ta dawo hayyacinta a ci gaba. Kiran sunan kuwa ya zame musu al'ada. Ko sabuwa ta shigo sai ka ji tana faɗin nata, ba ta ma san mafarin abin ba.

Bayan babbar salla Iyatu ta tashi aurar da autarta. Karimatu ta ji ana ta maganar anko a wajen ƙosai, ta yi kamar ba ta ji ba, don ba ta sa kanta a lissafi ba. Da yamma sai ga Adawiyya da atamfa a leda, ta ce ta tashi su je wajen tela a auna ta, an yanko har da na Humaira.

Ranar kamu gidan Iyatu ya cika maƙil. Matan fili suka zauna gefe guda cikin shuɗiyar atamfarsu, Karimatu a tsakiyarsu, Humaira a kan cinyar Malama Shamsiyya ana gyara mata ɗankwali. Da aka fito da amarya lulluɓe, tsohuwar da aka saba kira don yin guɗa ta buɗe baki, mura ta shaƙe ta, sai wani ɗan tari ya fito. Mata suka yi ta dariya, ana waige-waige ana neman wadda za ta karɓa.

A ƙauyensu Karimatu ce mai guɗar kowane biki. Ba wanda ya san haka a nan. Ta ji abin ya taso mata tun daga ciki. Ta miƙe, ta kama hancinta, ta rangaɗa ta, doguwa, siririya, har sai da tattabarun Alhaji Jinaidu suka tashi daga kan katanga.

Gidan ya yi tsit, sannan ya kaure da shewa. Iyatu ta ratso mutane tana ture su da kafaɗa, ta riƙo hannun Karimatu ta ja ta har gaban amarya.

"Ashe da wannan muryar kinka bar ni ina ta surutu ni ɗaya? Ƙara muna wata, ɗiyata."

Karimatu ta share ido, ta ja numfashi, ta ƙara.