Jan Ƙyallen Ƙofar Sito

"Kama mini ƙafafun mana!" Kawu ya daka wa Direba tsawa.

Direba ya miƙo hannu, ya ga jini, ya janye. "Haba Kawu, kare ne fa. Kuma yanzun nan na yi wanka."

Kawu bai sake bi ta kansa ba. Ya naɗe Soja a tsohon buhu, ya sungume shi shi kaɗai, ya kwantar a bayan motar kayan, tsakanin tayar safaya da jarkokin da babu komai a ciki. Sannan ya hau ya zauna kusa da shi. Direba ya ce ya dawo gaba, akwai kujera, Kawu ya yi kamar bai ji ba. Daga ƙofar gida Yaya, yayarsa, tana ta salati, hannunta duk kumfar sabulu, tana tambayar me ya faru, wa ya saki karnukan tare.

Karnuka uku ke gonar Kawu, kuma ba don ado yake ajiye su ba. Awakinsa da 'yan tumakinsa suna kwana a garken da ke bakin daji, inda ɓarayi ba su da nisa. Soja shi ne babba, baƙi, bakinsa duk furfura. Ɗan-Ja ɗansa ne, ya tashi ya fi uban ƙirji da wuya. Sai Fara, wata karya da ta shigo gonar da yunwa wata rana ta ƙi fita. Babu wanda aka yi wa fiɗiya a cikinsu. Tun da Ɗan-Ja ya balaga uba da ɗa suka daina ga-maciji, in kuwa lokacin barbarar Fara ya zo, to sai dai a raba su ko a kwashi gawa.

Marigayiya matar Kawu ce ta samo dabara. Ta yago gefen wani jan ɗankwalinta ta ɗaura a sakatar sito, inda ake kulle Ɗan-Ja. In ƙyallen yana ɗaure, Soja na waje, kada kowa ya kuskura ya buɗe wa Ɗan-Ja. In an mayar da Soja ɗakinsa na bayan garke, sai a kwance ƙyallen, yaron ya fito ya yi nasa gadin. Haka suka yi ta yi, har ta kwanta ciwo, har ta rasu, ƙyallen yana nan yana aikinsa. Ya yi baƙi ƙirin da maiƙon hannu, Kawu bai taɓa wanke shi ba, kuma ba ƙazanta ce ta hana shi ba.

Yaya kuwa ba ta san wannan ba. Kwanan nan ta tare a gidan don ta riƙa dafa wa ƙanen nata abinci, kuma mace ce da ko tsinke ta gani a tsakar gida sai ranta ya ɓaci. Yau da safe ta bi gida tana tattara kayan wanki. Kawu kuma ya dawo daga rijiya da bokitai, ya dubi sakata, ya ga wayam. Ya ɗauka tun da asuba ya mayar da Soja ya manta, don mantuwa ta fara yi masa yawa. Ya buɗe.

Abin da ya biyo baya ba ya son tunawa. Ya watsa wa karnukan ruwa, ya karya sanda a bayan Ɗan-Ja, a banza. Sai da yaron ya gaji don kansa ya saki.

Motar ta faɗa wani rami, Soja ya yi wani ɗan kuka siriri. Kawu ya buga rufin motar da tafi.

"Kai Direba, ba duwatsu ka ɗauko ba!"

"To ni na yi titin?" in ji Direba ta taga. Amma ya rage gudu.

Asibitin dabbobin wani ɗan gida ne a bayan kasuwa, mai farin tayil da warin magani. A kan benci akwai wata mata da kyanwa fara sol a kwando, sai wani mutum rungume da zakara mai kumburin ido. Da Kawu ya shigo da buhunsa yana ɗiga, matar ta ɗauke kwandonta ta ɗora a cinya. Mai shara ta bi bayansa da tsumma tana tsaki ƙasa-ƙasa. Ya ji kunya ta kama shi, sannan ya ji haushin kunyar.

Likita ta san shi, ita ke yi wa awakinsa rigakafi. Ta ɗaga buhun ta leƙa, fuskarta ta sauya.

"Baba, ba Ɗan-Ja muka yi da kai za ka kawo mini a makon nan ba?"

"Shi ne ya aiko da wannan," in ji Kawu.

Ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma wallahi da ta faɗa da ya fi masa sauƙi. Ta sha gaya masa. Duk zuwan da ta yi gona sai ta ce a yi wa ɗaya fiɗiya, a cire wa Fara mahaifa, gida ya zauna lafiya. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce kare da aka fiɗiye ai tunkiya ce mai haushi, ɓarawo ma sai ya shafa mata kai ya wuce. Ta ce ba haka ba ne, gadi a jininsa yake. Ya ce ke dai yarinya, karatu daban, daji daban. Amma ba tunkiya ce ta hana shi ba, aljihu ne. Sau nawa yana tara kuɗin aikin wani abu ya haɗiye? Jinyar marigayiya ta ci, rufin garke ya ci, tsadar dusa ta ci. Ya fi masa sauƙi ya yi gardama da ya ce ba shi da shi. Sai a wannan watan ya sayar da wani bunsuru, ya ƙulle kuɗin ya ce ko sama za ta faɗo na Ɗan-Ja ne. Suna aljihunsa yanzu haka.

Aka ɗora Soja a kan teburin ƙarfe. Likita ta sa masa ruwa a jijiya, ta yi masa allurar rage zafi, ta aske gashin cikin tana dubawa. Kawu yana tsaye da jini a gaban rigarsa, yana kallon wani hoton kyakkyawan kare da ke manne a bango, karen yana dariya da haƙora farare.

"Baba, zauna," in ji ta.

"Faɗa mini a tsaye."

"Haƙorin ya shiga ciki, ya taɓa hanji. Ƙafar gaban ma ta karye. Ɗinki kawai ba zai yi ba, sai an buɗe shi. Bayan nan kuma zai kwanta a nan ana ba shi magani."

"Nawa?"

Ta faɗa a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. A zuciyarsa Kawu ya shiga garke yana nuna awaki masu ciki ɗaya bayan ɗaya, ya ga sai ya kusa share su kafin kuɗin ya cika. Su ne abincinsa na baɗi, su ne maganin hawan jinin Yaya.

"In na kawo, zai tashi?"

"Ba zan yi maka ƙarya ba. Ya tsufa, ya zubar da jini. Zai iya tashi, zai iya tafiya a kan teburin."

"Da naki ne fa?"

Ta sunkuyar da kai tana cire safar hannu. "Da nawa ne, ba zan bar shi ya ƙara wahala ba. Akwai allura, barci kawai zai yi."

Ya fita waje ya tsaya a jikin bango. Kasuwa tana ta hayaniyarta, wani yana talla, wani yana zagin mai babur, ba wanda ya san abin da ke cinsa. Ya tuna ranar da marigayiya ta shigo da wani abu baƙi a cikin kwali, idonsa bai ma buɗe ba, ta riƙa ɗura masa madarar akuya da kwalbar magani. Ya yi ta tsokanarta, wai ta haifi auta da tsufa. Ya tuna lokacin da ɓarayi suka sare karen da adda a kafaɗa bai bar ƙofar garke ba. Bayan rasuwarta kuma, duk yamma Soja ke zuwa ya kwanta a bakin ƙofar ɗakinta, har yau bai fasa ba. Kare ne, ya sani. Ko a kasuwa ya faɗi cewa zai sayar da garke saboda tsohon kare, sai an ce Kawu ya taɓu. Amma zuciyarsa ta yi masa zafi irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza.

Ya koma ciki.

"Yi masa," ya ce.

Bai taɓa shafa kan karen nan ba, wannan aikin marigayiya ne. Nasa shi ne tsawa da miƙa ƙashi. Yanzu ya sa hannu biyu ya tallafe kan, ya ji ɗuminsa da nauyinsa. Soja ya ɗago ido, jelarsa ta motsa kaɗan a kan ƙarfen.

"Sannu, tsoho," in ji Kawu. "Sannu da aiki. Ni na buɗe, ba laifinka."

Kan ya ƙara nauyi a hannunsa, shi ke nan.

A wurin biya ya kwance ƙullin bunsurun. Ruwan jijiya, allurar zafi, allurar ƙarshe, duk da Likita ta yafe kuɗin dubawa, abin da ya rage bai wuce na Direba ba. Ta rako shi har ƙofa.

"Baba, ka kawo Ɗan-Ja. Da Fara ma, ita ta fi gaggawa."

"In Allah ya hore," ya ce. Su duka sun san ma'anar wannan.

A hanyar dawowa Direba ya kashe rediyo. Da suka isa gona bai juya mota ba, ya naɗe hannun rigarsa ya karɓi shebur, suka haƙa rami a gindin bishiyar da ke bayan garke. Shi ya kama ƙafafun wannan karon, bai yi zancen wanka ba.

Yaya tana zaune a tsakar gida, idonta ja. Ta ba shi ruwa, ta jira ya sha.

"Wancan marar kunyar," ta ce, "kuna fita na same shi manne da Fara a bayan garke, ko jinin bakinsa bai bushe ba. Sai da suka rabu na kora shi sito da tsintsiya na kulle." Sannan ta miƙo masa wani abu a ninke. "Ga tsummanka na ƙofa. Na ga ya yi dauɗa na haɗa da wanki. Ashe ja ne ma."

Ta goge shi har da kari. Ja ne kuwa, da 'yan furanni, kamar ranar da marigayiya ta saya. Ya kai shi hanci. Sabulu kawai.

Yaya tana kallonsa, ya ga tsoro yana shiga idonta. "Autan Inna, ba dai wannan abin ba ne ya..."

"A'a, Yaya. Ni na manta na buɗe. Tsufa ne."

Ya je ƙofar sito ya ɗaura ƙyallen a sakata, ya ja ƙullin da ƙarfi. Soja na waje. A ciki Ɗan-Ja yana karce ƙofa yana kukan shagwaɓa. Kawu ya ce a ransa sai ya ruɓe a nan, ko ruwa ba zai ba shi ba. Ya tafi ya share garke, ya zuba dusa, ya yi ta aikin da ba a sa shi ba.

Amma rana ta yi ƙasa, awaki suka dawo suna kuka, masu cikin suna tafe a hankali a baya. Ya tura su garke ya rufe. Ya dubi bakin daji, ya dubi ƙofar garken da babu kowa a gabanta. Ya daɗe a tsaye.

Sannan ya je ya kwance ƙyallen, ya zare sakata. Ɗan-Ja ya fito yana ɗingishi, kunnensa a yage, yana kaɗa jela kamar bai yi komai ba. Kawu ya ajiye masa kwanon abinci, na Soja, don shi ne a kusa. Yaron ya cinye tas, ya lashe, ya wuce ƙofar garke ya kwanta.

Yaya ta leƙo daga kicin. "To yanzu da ya rage namiji ɗaya, ai tsumman ba shi da amfani. Kawo in riƙa sauke tukunya da shi."

Kawu ya dubi Fara, tana kwance a gindin bango ta miƙe ƙafafu, cikinta a shafe tukuna. Nan da 'yan watanni za a ji kukan 'ya'ya a bayan garke, kuma ba za a rasa maza a ciki ba.

"Bar shi, Yaya," ya ce. Ya ninke ƙyallen ya sa a aljihu.