Ƙaurin Man Zurma

Wata kwalbar kuma Dela ta tsinta a kwandon sharar bene. Ta buɗe, ta shinshina. Man zurma ne, babu tantama.

To, a gaya mata, wane mai hankali ne zai riƙa ɗura wa tsoho man wankin ciki, tsohon da ko kunu sai an lallaɓa yake haɗiyewa? Baba Haladu ya haura shekara ashirin a ɗakin da ke kallon nata, a wannan tsohon gida na bayan unguwar Bab Makka a ƙasa mai tsarki, ba mata ba ɗa. Da ciwo ya kwantar da shi sai ga wani Abdulghaffar, ɗan dako da ya zo umra ya ƙi komawa, wai shi ne mai jinya. Tun ranar Dela ba ta yarda da shi ba. Mutum ne marar magana, kullum ƙofa a rufe, kullum wani ƙauri na fitowa ta ƙarƙashinta. Ga tsoho sai ramewa yake. Ita dai ta gama lissafinta: ɗakin yake so, da akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado.

Shi ya sa da safiyar nan ta tare wakilin mai gida a bakin titi, ta faɗa masa akwai wani marar iƙama, wato takardar izinin zama, a ɗakin tsoho, kuma hannunsa ba shi da tsabta. Wakilin ya ce halas, an gama, kafin magariba za a zo a ɗauke shi.

Bayan azahar ƙaurin ya sake tashi. Dela ta yafa mayafi, ta tura ƙofar ba ko sallama.

Abdulghaffar na tsugune gaban kasko mai garwashi. A kan garwashin akwai wani dunƙulen ƙarfe kamar gwangwanin madara, akwatin nan kuwa a buɗe, babu komai ciki sai tsummokara. Ya ɗiga mai a kan ƙarfen, ya ce cuu, ya kaɗa hayaƙin da mafici zuwa fuskar tsoho.

"Wane tsafi ne wannan?" in ji Dela.

"Ba tsafi ba ne, Hajiya. Shi ya ce a yi masa."

Baba Haladu ya buɗe ido. "Dela ce? Zauna. Fistin ne, na injin jirgin sama."

Muryarsa ta dushe, amma da ya kama zancen sai ya ƙi saki. Yana yaro iyayensa suka taso hajji a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a Asmara, lokacin Taliyan na mulkin ƙasar. Aka ɗauke shi goge-goge a filin jirginsu. Wani tsohon makanike ya riƙa nuna masa injunan zamanin da: wani mai kai uku a baje kamar yatsu, wani zagaye kamar tauraro, iska ce kawai ke sanyaya shi. Kuma da man zurma suke shafe su.

"Idan aka murɗa farfela ya tashi, duk filin sai ya ɗauki wannan ƙauri," in ji shi. "Da shi nake komawa gida a riga. Innata takan ce tun daga nesa take sanin na dawo." Ya ja numfashi. "Ita ba ta iso Makka ba. Can muka bar ta."

"Ba sha kake yi ba ke nan?" Dela ta tambaya.

"In sha? Ina ni ina ƙarfin wannan."

Sai Dela ta tuna ƙarar da ta kai da safe. Kunya ta kama ta, da tsoro, har ta rasa inda za ta sa idonta. Ta jawo Abdulghaffar bakin ƙofa, ta rage murya.

"Ka bar gidan nan yanzu. Za a zo kama ka kafin magariba."

Ya dube ta. Bai tambayi wa ya kai ƙara ba, wannan ya fi komai yi mata ciwo.

"Ba zai kai dare ba, Hajiya. Wa zai juya shi gabas?"

"Ni zan zauna da shi. Yalla, tafi."

"Na yi masa alkawari."

Ya koma ya tsuguna. Ana kiran la'asar Baba Haladu ya cika, yana bin kalmar shahada a bakin Abdulghaffar. Shi ya rufe masa ido, ya ɗaure masa haɓa, ya miƙar da ƙafafunsa. Yana cikin lulluɓe shi aka ji takun takalman 'yan sanda a bene.

Dela ta tare ƙofa, ta haɗa Larabcinta kakaf tana cewa kuskure ta yi, mutumin kirki ne, a bar shi ko jana'iza ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Fen iƙama?" Wato ina takardar zamansa. Shi ke nan maganar. Abdulghaffar ya sa silifas ɗinsa, ya bi su. A kan matakala ya waiwayo.

"Hajiya, a kashe garwashin, kada ya kama tabarma."

Ta koma ɗakin. Ga tsoho a lulluɓe, ga ƙarfen a kan kasko da sauran zafinsa. Ta ɗauki kwalbar, ta karkata ta. Ɗigo ɗaya ya rage, ya sauka ya ce cuu, siririn hayaƙi ya miƙe ya nufi taga.