Tambarin Falmata

Ranar da takardar ta iso daga Abuja, Falmata ta karanta ta sau huɗu a tsaye a ƙofar shagonta na walda da ke Haɗejiya, sannan ta rangaɗa guɗa, abin da ko a bikin ƙanwarta ba ta yi ba. An yi wa zanen tukunyarta rajista, an yi wa tambarinta ma. Daga yau duk wanda ya ƙera irinta, ko ya buga zangarniyar shinkafa da harafin F ba da izininta ba, shi da hukuma.

Shekara uku ta yi tana fama da tukunyar nan ta turara shinkafa. Ɓuntun da ake zubarwa a bayan injin casa shi ne makamashinta, babu ruwanta da itace. A cikinta akwai faranti mai huji-huji da ke raba shinkafa da ruwa, tururi kaɗai ke dafawa. Tana rabuwa gida biyu don ta shiga kwale-kwale, kuma duk ƙusar da ke jikinta bakaniken ƙauye zai iya canza ta. Doka ɗaya Falmata ta kafa wa kanta, ba ta kuma sassauta ta: abin da abinci zai taɓa, sai sabon ƙarfe.

Ina za ta iya zama da wannan murna ita kaɗai? Ta sa takardar a leda, ta hau babur zuwa Auyo, daga nan ta shiga kwale-kwale zuwa wani ƙauye saboda ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Matan da suka fara gwada tukunyar, waɗanda suka sha hayaƙin kurakuranta na farko, su ya kamata su fara gani. Mai tuƙi yana ta ratsa ciyawar kacalla a hankali, ita kuwa ji take kamar ta karɓe sandar ta tuƙa da kanta.

Tun daga bakin ruwa Larai, shugabar mata masu turara shinkafa, ta hango ta.

"Ga Injiniya! Ga Injiniya!"

Nan take aka kewaye ta. Takarda ta bi hannu hannu, wadda ba ta iya karatu ba ma sai da ta shafa hatimin ta ce ma sha Allah. Wata ta kifa ƙwarya ta fara kiɗa, Larai da girmanta ta taka rawa.

"Kin hutar da mu saran itace, 'yar nan," in ji ta tana haki. "Ga shi kuma kin ƙaro mana biyar ba mu ko tambaya ba."

"Biyar, Inna?"

Falmata ta waiwaya rumfar aiki. Bakwai ta kawo ƙauyen nan da hannunta, ga sha biyu a jere, kowace da zangarniya da harafin F. Ta matsa kusa da wata sabuwa ta buɗe murfin. Ƙarƙashin ƙamshin shinkafa akwai wani wari mai ɗaci, warin da duk wanda ya taɓa wucewa ta gona ranar feshi ya sani. Ta ciro mukulli ta kankare baƙin fentin gefe. Shuɗi ya bayyana, sannan hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu. Duron maganin feshi ne aka yanka.

Ta juya wurin Larai. "Nawa kuka ɗora a cikinsu?"

"Biyu, tun jiya. Ga shinkafar can a shanya."

"Kada kowa ya ci, kada a kai kasuwa, ko kaji kada a ba. A haƙa rami nesa da ruwa a binne ta."

Kiɗa ya tsaya. Larai ta dubi tabarmin shanya, ta dubi Falmata, ba ta ɗaga murya ba.

"Wani dattijo ya kawo su. Mu ba mu san duro ba, sunanki muka gani muka ɗora."

Wannan magana ta fi mari zafi, domin gaskiya ce. Falmata ta durƙusa ta duba ɗinkin waldar. Sumul yake, a jere kamar ɓawon kifi, kuma daga dama ya taso zuwa hagu. Bahago ɗaya ne a duk Haɗejiya mai irin wannan hannu: Baba Umara, abokin aikin marigayi mahaifinta, wanda ya fara riƙa mata hannu ta kunna wutar walda.

Ta sa aka ɗora tukwanen biyar a kwale-kwale. Duk hanya zuciyarta tafasa take. Ga takarda a jaka, yau ɗin nan za ta iya kai ƙara a rufe masa rumfa. To amma wa za ta kai? Mutumin da ya yi wa gawar mahaifinta wanka?

Bayan la'asar ta same shi a rumfarsa yana goge tabarau. Da ya ga tukwanen a bayan a-kori-kurar da ta ɗauko haya, sai fuskarsa ta washe.

"Kin gani ko, 'yata? Ko ke ba za ki bambance ba! Na ji mata suna ta nema, ke kuma hannu biyu gare ki, na ce bari in rage miki."

Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba.

"Baba, me ya sa ka buga tambarina?"

Ya dube ta da mamaki na gaske. "To na wa zan buga? Ni ɓarawo ne da zan ɗauki fasaharki in sa sunana? Haka muka tashi muka gani. In ka ƙera abin wani, sai ka faɗi mai shi, don albarkar ta koma masa."

Fushin da ta ɗauko tun daga Auyo ya rasa inda zai sauka. Mutumin nan girmama ta ya yi iyakar saninsa. Ta fito da takardar ta shimfiɗa a kan benci.

"Baba, tambarin nan alkawari ne. Duk matar da ta gan shi, ni ce na ce mata ki dafa ki ba 'ya'yanki, na tsaya miki. Shi ya sa hukuma ta hana kowa bugawa sai da izinina. Izini kuwa zan ba ka a rubuce, ka ƙera da sabon ƙarfe, in duba, mu buga tambarina da naka gefe da gefe. Hannunka ya fi nawa, kowa ya sani."

"Sabon ƙarfe! Kina ta maganar kada a yi ɓarna, ga duro a yashe, na wanke shi da toka da omo har sau uku."

"Ruwan sanyi ka sa, Baba. Maganin nan yana shiga jikin ƙarfe ya kwanta, tururi ne ke tashe shi." Ta buɗe murfin ɗaya daga cikin biyun da aka dafa a ciki. "Sansana."

Ya sunkuya yana murmushin mai shirin cin gardama. Ya ja numfashi sau ɗaya. Murmushin ya tafi, ya dafa benci.

"Shida na ƙera," ya ce a hankali. "Wadda ta fi kyau na kai wa Kulu gida. Tun azahar ta ɗora, shinkafar sunan jikata ce, jibi."

Falmata ba ta taɓa ganin tsoho ya hau babur da irin wannan sauri ba. Kurfin saran ƙarfe da guduma kawai ya sura, ta ɗare bayansa, suka keta kasuwa yana ta danna oda, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba.

A tsakar gida suka tarar da matarsa Kulu da maƙwabta uku, tukunya na ta huci, an shimfiɗa tabarmi ana jiran a juye. Ko sallama bai ƙarasa ba ya janye wutar, ya tuntsurar da tukunyar, shinkafa ta watse a ƙasa.

"Malam! Lafiyarka kuwa?" Kulu ta dafe ƙirji. "Abincin suna ne fa!"

"Wa ya ɗanɗana?"

"Ba kowa, yanzu za mu sauke."

Ya ce alhamdu lillahi har sau uku. Sannan ya durƙusa, ya ɗora bakin kurfi a gindin tukunyar da ya fi alfahari da ita, ya miƙa wa Falmata gudumar.

"Ke ce mai ita, 'yata. Buga, ni zan riƙe."